Yadda Muka Cire Bambar Mota Muka Sauya Mata Salansa

A dogon hutun da ya wuce, mahaifina ya ce ba zai bar ni in yi zaman kashe wando a gida ba. Sai ya tura ni Kaduna wurin Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda yake bakanike ne. Aikina na farko shi ne miƙa sifana da wanke ƙarafa. A mako na uku ne aka kawo aikin da nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, domin na ƙaru da shi ƙwarai.

Wani saurayi ne ya shigo da mota ja, gajeruwa, mai kujera biyu kacal. Sunanta Nissan 350Z, ƙirar Japan, wadda aka fara fitarwa a shekarar 2002. Injinta silinda shida ne, kuma don gudu aka ƙera ta. Bayan an gaisa sai ya ce, "Baba, so nake a cire bambar baya gaba ɗaya, a yanke salansar, a bar bututu tsirara. In na taka ta, kowa ya san na iso." Kawu ya yi murmushi ya ce, "Samari, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Zauna ka ga abin da ke ƙarƙashin motarka tukuna."

Kafin in faɗi yadda aka yi, ya kamata mu san amfanin salansa. A cikin kowace silinda fetur da iska suke haɗuwa, filogi ya ba su wuta, su fashe su tura fistin. Inji mai silinda shida yana yin fashewa uku duk lokacin da ya juya sau ɗaya. Idan yana juyawa sau 3,000 a minti, ke nan fashewa 9,000 a minti, wato 150 a daƙiƙa ɗaya. Kowace fashewa tana fitar da hayaƙi mai zafi da ƙara kamar ta bindiga. Aikin salansa shi ne ta tattara wannan hayaƙi, ta rage masa guba, ta kashe ƙarar, sannan ta fitar da shi can bayan mota, nesa da hancin mutanen da ke ciki.

Da muka shiga rami, Kawu ya nuna mana hanyar da hayaƙin yake bi. Daga bakin inji yakan shiga wata 'yar tukunya da kanikawa suke kira indomi, saboda cikinta ramuka ne ƙanana birjik kamar dunƙulen taliya. An shafe ramukan da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, waɗanda ke juya iska mai guba ta zama mai sauƙin illa. Tun a 1975 aka fara sa ta a yawancin sababbin motocin Amurka. Tsadar ƙarafan nan ce ta sa ɓarayi suke sace ta. Daga nan hayaƙin ya bi dogon bututu zuwa babbar tukunya ta baya, mai ɗakuna da bututai masu huji a ciki, inda ƙarar take yawo har ta mutu.

Saurayin ya ce a fasa indomin a zubar. Kawu ya ƙi. Ya ce akwai na'urori gabanta da bayanta masu auna hayaƙi suna kai wa ƙwaƙwalwar inji rahoto. In aka cire ta, fitilar gargaɗi za ta kama a gaban direba, motar kuma ta riƙa wari. Game da yanke bututu a tsakiyar mota kuwa, ya ce ko nawa za a biya shi ba zai yi ba. Dalilinsa shi ne iskar nan da malaminmu na kimiyya ya koya mana, kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da ɗoriya. Ita ce take kashe iyali sukutum idan suka kwana da janareta a kunne cikin gida. In bututu ya ƙare a ƙarƙashin kujera, sai ta sulale cikin mota, direba ya fara ciwon kai da gyangyaɗi bai san dalili ba.

A ƙarshe aka daidaita a kan cewa za a sauya tukunyar baya kawai, a sa wadda ta fi sakin hayaƙi, mai bakuna biyu manya. Amma bakunan sun fi gurbin da ke jikin bamba faɗi, don haka dole a sauke ta a ƙara gurbin.

Da farko aka bar motar ta huce, aka cire kan batir. Sannan aka manna tef a gefen jikin motar don kada fenti ya kwarzane. Bamba ba da walda aka kama ta ba. Ƙananan kusoshi ne da ake kwancewa da sifana lamba 10, da 'yan maɓallan roba, wasu a sama, wasu a bayan tayoyi, wasu a ƙasa. Kawu ya ba ni gwangwanaye uku, ya ce in ware su wuri-wuri, domin ranar mayarwa ba a tuna wace kusa ce ta ina.

A nan ne na yi kuskure. Da kusoshi suka fita, sai na kama gefe ɗaya na fizga. Na ji ƙas! maɓalli biyu sun karye, ga waya ta miƙe kamar za ta tsinke. Ashe a wannan mota fitilun sigina da na ribas a jikin bamba suke. Kawu ya daka mini tsawa, "Kai yaro, gaggawa aikin Shaiɗan ce!" Yadda ake yi shi ne mutum biyu su riƙe, ɗaya a kowane gefe, a ja kaɗan, a zare soket ɗin wayoyi, sannan a ajiye ta a kan kwali. Da ƙafa na tafi kasuwar Panteka neman maɓallan da na karya.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne rashin nauyinta. Abin da muke gani daga waje muna kira bamba riga ce kawai ta roba. A bayanta akwai soso mai tauri, sannan wani ƙarfe a gicciye wanda aka ɗaure da jikin mota. Su ne suke shanye duka idan an buge ka ta baya. Da saurayin ya ga haka, ya kuma ga fitilunsa za su tafi tare da bambar, sai ya janye maganar yawo babu ita.

Kusoshin tsohuwar tukunya sun yi tsatsa saboda zafi da ruwa. Aka jiƙa su da mai, aka jira, sannan suka kwance. Tukunyar tana rataye ne da wasu robobi masu kauri don kada girgizar inji ta fasa bututu, sai aka shafa musu ruwan sabulu suka zame. Mai walda ya gwada sabuwar, ya yi alama da alli, ya fito da ita waje ya haɗa, domin ba a wasa da tartsatsi kusa da tankin fetur. Aka sa sabon gaskit, aka ɗaure. Kawu ya yanke gurbin bamba a hankali, ya bar tazarar kamar yatsu biyu tsakanin roba da ƙarfe, don kada zafi ya narkar da ita. Kafin a mayar da bambar aka ta da inji, aka shafa kumfar sabulu a mahaɗai. Inda ya yi ƙwai, wurin yana yoyo, sai a ƙara ɗaurewa.

Da aka gama, muryar motar ta yi kauri, amma ba ta tsaga kunne. Na tambayi Kawu ko yanzu ta ƙara gudu. Ya ce ɗan kaɗan, in an taka ta sosai, wanda direba ma ba lalle ya ji ba. Ya ƙara da cewa bututun da ya cika faɗi yakan rage wa mota ƙarfin tashi, domin hayaƙin ba ya fita da sauri. Yawancin masu fasa salansa kunnensu ne yake yaudararsu.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana samari, musamman masu fasa salansar babur a lokacin biki: ku tuna da jariri da marar lafiya da tsohon da ke barci a bakin titi, ku tuna da kunnuwanku, domin ƙarar da ta wuce kima tana kurumtar da mutum sannu a hankali. Iyayenmu kuma ina roƙonsu su riƙa tura mu koyon sana'a a lokacin hutu. Ni dai na dawo makaranta da baƙin mai a farce, kuma darasin kimiyya bai ƙara yi mini duhu kamar da ba. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.