Abincin Nan-Take: Baƙo Ne, Kada Ya Zama Ɗan Gida

Da wuya yanzu ka bi babban titi a Kano, Kaduna, Abuja ko Yamai ba ka ga shagon shawarma ko gidan soyayyiyar kaza ba. Ma'aikacin da ya baro gida tun da sassafe, ɗalibar da lacca ta riƙe har la'asar, magidancin da ke son faranta wa yara ranar Asabar, duk can ake haɗuwa. Wanda ya ji ƙyuyar fita kuma, ya yi oda ta waya ɗan babur ya kawo masa har ƙofar gida. Shi ya sa mutane da yawa ke tambaya: shin mutum zai iya cin irin wannan abinci ya kuma zauna lafiya, ko dole sai ya yi masa saki uku?

Amsar ita ce zai iya, amma da sharaɗi. Sharaɗin kuwa yana tattare da abu uku: sau nawa ake ci, yaya yawan abin da ake ci, da kuma abin da ake korawa da shi. Kafin a kai ga nan, yana da kyau a san yadda aka tsara wannan abinci tun asali.

Don me aka ƙera shi haka?

A 1948 wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Maurice McDonald, suka sake fasalin gidan abincinsu da ke San Bernardino a jihar Kalifoniya ta Amurka. Suka rage kalolin abinci zuwa 'yan kaɗan, suka daina amfani da farantan da sai an wanke, suka raba aikin kicin yadda kowane ma'aikaci abu ɗaya kawai yake yi. Mai saye ya miƙa kuɗi, nan da nan ya karɓi bogarsa a takarda. Wannan tsari ne ya bazu a duniya. A Najeriya, Mr Bigg's ya buɗe a Legas a 1986, Chicken Republic ya biyo baya a 2004, KFC kuma ya shigo a 2009.

Buƙatar mai irin wannan sana'a a bayyane take: abinci ya fito da sauri, kada ya ci kuɗi da yawa wajen haɗawa, ɗanɗanonsa ya zama iri ɗaya kullum, kuma wanda ya ci yau ya dawo gobe. Hanya mafi sauƙi ta cimma wannan ita ce mai, gishiri, sikari da farar fulawa. Ba mugunta ba ce, kasuwanci ne. Amma abin da ke ƙaruwa a aljihun mai shago ba shi ne abin da jikin mai ci ke nema ba.

Ma'aunin da jiki ke iya ɗauka

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni ga babban mutum. Gishiri kada ya kai giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, har da wanda ke ɓoye a cikin dunƙulen magi, burodi da yaji. Sikarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da abinci ke bai wa jiki. Ga mai buƙatar kalori 2,000 a rana, kusan giram 50 ke nan, cokalin shayi 12, kuma in an tsaya a rabin haka ya fi. Sannan ana so a ci aƙalla giram 400 na ganye, kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kullum.

To, a ɗora abincin nan-take a kan wannan sikeli. Lemon kwalba mai sikari yakan ɗauki kusan giram 10 na sikari a kowane mililita 100. Ke nan robar rabin lita guda ɗaya ta cinye kason yini sukutum, tun ba a yi maganar shayin safe ba. Bogar Big Mac ta Amurka ta haura kalori 500, kuma gishirin cikinta ya kai kimanin rabin abin da aka yarje wa mutum a rana. In aka haɗa ta da babban ƙunshin soyayyen dankali da babban kofin lemo, an zarce kalori 1,200 a zama ɗaya.

Mai shi ne ya fi saurin tara lissafi, domin giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, alhali sitaci da furotin 4 ne kacal. Dafaffen dankalin Turawa giram 100 bai kai kalori 90 ba. Da zarar an yanka shi siri-siri an tsoma a mai, sai ya haura 300. Dankalin bai canza ba, man da ya sha ne ya ninka shi fiye da sau uku.

Ka tsaya ka kalli mai shawarma yana aiki. Zai shimfiɗa burodin, wani lokaci biyu a haɗe, ya kwarfo bama ya lafta, ya bi da kecaf, ya yayyafa ɗan kabeji, ya zuba naman kaza, ya kwantar da sosej ɗaya ko biyu, sannan ya ƙara zubo bama kafin ya naɗe ya ɗora a kan ƙarfe mai zafi. Babban cokali ɗaya na bama ya kusa kalori 100, kuma ba cokali ɗaya yake sawa ba. Naman da kabejin ba su da laifi. Abin da aka lulluɓe su da shi ne matsalar, kuma wannan kana da ikon cewa a rage.

Me bincike ya nuna?

Akwai labarai biyu da masu gardama kan kafa hujja da su. A fim ɗin *Super Size Me* na 2004, Morgan Spurlock ya yi kwana 30 ba ya cin komai sai abincin McDonald's, kusan kalori 5,000 a rana, ya ƙara nauyin kilo 11. A 2013 kuma wani malamin kimiyya a jihar Iowa, John Cisna, ya yi kwana 90 yana cin abincin kamfanin, amma ya taƙaita kansa a kalori 2,000 tare da tattakin minti 45 kullum, sai ya rage kusan kilo 17. Duka biyun ba hujja ba ce mai ƙarfi. Gwajin mutum ɗaya ne kowanne. Spurlock daga baya ya amsa cewa ya daɗe yana shan giya, Cisna kuma ya koma jakadan tallan kamfanin. Abin da kawai za a iya ɗauka shi ne, abinci ɗaya ne, yawan ci da motsa jiki ne suka raba su.

Hujjar da ta fi nauyi ta fito ne a mujallar likitoci ta *Lancet* a 2005. Masu bincike sun bibiyi matasan Amurka sama da 3,000 na tsawon shekara 15. Waɗanda suka saba cin abincin nan-take fiye da sau biyu a mako sun ƙara kilo 4.5 a kan waɗanda ba sa kai sau ɗaya a mako, kuma jikinsu ya fi bijire wa sinadarin insulin, bijirewar da ita ce matakin farko na ciwon suga. Yau da gobe ba ta bar komai ba.

A 2019 kuma Kevin Hall da abokan aikinsa a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka kwantar da mutum 20 a cibiyar bincike na tsawon mako huɗu. Mako biyu ana ba su abincin da masana'anta ta sarrafa sosai, mako biyu kuma abincin da aka girka daga ɗanyen kaya, an bar kowa ya ci iya cinsa. A makonnin abincin masana'anta, mutanen sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a rana ba tare da sun yi niyya ba, suka ƙara kusan kilo ɗaya. A ɗaya ɓangaren kuma suka rage kusan haka. An kuma lura sun fi saurin cinye na masana'antar. A nan gizo ke saƙar: abinci mai laushi da ba ya buƙatar tauna sosai yana wucewa kafin ciki ya aika wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙoshi. Lemo ma haka yake, ana shan sikarinsa amma ba ya rage yunwa.

Namu na bakin titi fa?

Kada a ɗauka wannan magana ta tsaya a kan gidaje masu gilashi da na'urar sanyaya ɗaki. Bahaushe ya daɗe da nasa abincin na saye-ka-wuce: ƙosai, waina, ɗanwake, awara, gurasa, tsire, balangu, fura da nono. Wasunsu sun fi boga nesa ba kusa ba. Alale da ɗanwake daga wake suke, suna da furotin da fiba mai riƙe ciki. Kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli galibinsa ganye ne. Balangun da aka cire wa kitse, da albasa da tumatir da kabeji, abinci ne mai kyau in ba a cika yaji mai gishiri ba.

Amma zama na gargajiya ba ya wanke abinci daga laifi. Dubi kaskon suyar da aka fara tun asuba: man ya yi duhu, ya yi kauri, yana kumfa yana hayaƙi, ana ƙara sabo a kan tsoho, gobe kuma a sake ɗora shi. Man da aka maimaita suya da shi haka yana lalacewa, yana haifar da sinadarai masu cutar da jiki. Haka kuma teburin mai shayi da daddare: indomi biyu da duk garin ɗanɗanon cikinta, ƙwai uku da aka soya cikin mai tsamo-tsamo, rabin burodi, da shayi mai kauri da madarar gwangwani da sikari. Wanda ya mai da wannan abincin darensa na kullum bai fi mai cin boga tsira ba.

Yadda za a ba shi gurbi

Mai cin abinci sau uku a rana yana da ci 21 a mako. In ɗaya daga ciki ya zama na gidan kaza, sauran 20 kuma tuwo ne da miyar ganye, wake, kifi, dambu da 'ya'yan itatuwa, lafiyayyen jiki zai iya ɗauka. In kuwa lissafin ya kai biyar ko bakwai, to baƙo ya kwance kaya ya zama ɗan gida, kuma shi ne zai kori masu gidan daga faranti.

Ranar da za a ci, a fara da abin sha. Maye gurbin lemo da ruwa shi ne gyara mafi sauƙi kuma mafi girma. Ko zoɓo da kunun aya in an cika musu sikari, hukuncinsu ɗaya da lemo. A zaɓi gasasshiyar kaza a kan wadda aka tsoma a fulawa aka soya, a cire fatar in an samu hali. A ɗauki ƙaramin ƙunshi, kada a ruɗu da tayin "ƙara kuɗi kaɗan a ba ka babba", domin ragin da ka samu a aljihu jikinka ne zai biya. Kada a tara sitaci a kan sitaci: shinkafa da soyayyen dankali da burodi a faranti ɗaya. A nemi salak, amma a ce wa mai zubawa, "Malam, rage bamar nan." Kada a je da matsananciyar yunwa, kuma a ci a zaune, a natse, ba ana tuƙi ko ana latsa waya ba. Sauran abincin ranar kuma ya zama marar nauyi, mai ganye, mai ƙarancin gishiri.

Motsa jiki yana taimakawa. Ana so babba ya samu aƙalla minti 150 a mako na abin da ya kai tafiya da sauri. Amma tattakin rabin sa'a ba ya ƙone ko rabin boga guda, balle ya wanke gishirin da ke ɗaga jini.

Waɗanda filinsu ya fi ƙunci

Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai ciwon ƙoda ko na zuciya, ba daidai yake da kowa ba. A wurinsa, ci ɗaya mai gishiri ko robar lemo ɗaya na iya bayyana a awon ranar. Ya kamata ya tambayi likitansa abin da zai iya taɓawa. Abin tsoron shi ne hawan jini kan daɗe a jiki ba alama, har sai ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Don haka wanda bai taɓa auna jininsa ba kada ya yi gaggawar sa kansa cikin masu lafiya.

Yara kuma harshensu abin da ya saba shi yake nema. Iyayen da ke mai da fiza da askirim ladan cin jarrabawa suna koya wa yaro cewa wannan shi ne abincin girma, tuwon gida kuma na dole. A kai su jefi-jefi, a raba ƙunshi ɗaya tsakanin biyu, amma kada ya zama abin da ake cika musu jakar makaranta da shi.

Hukumomi ma suna da nasu aikin. Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sikari a dokar kuɗi ta 2021, sannan a 2023 aka fitar da ƙa'idar hukumar NAFDAC da ta hana kitsen tirans, wato daskararren man masana'anta mai toshe jijiyoyin jini, ya wuce giram 2 a cikin giram 100 na mai. A Amurka, tun 2018 dole ne gidajen abinci masu rassa 20 zuwa sama su rubuta kalorin kowane abinci a allon farashi. Irin wannan mataki zai amfani masu saye a biranenmu, domin mutum ba ya auna abin da bai sani ba.

Kafin a kai nan, ma'aunin yana hannun mai ci. Ka ɗauki mako guda ka ƙirga sau nawa ka ci abincin waje da kuma robar lemo nawa ka sha, ba tare da ka yi wa kanka rangwame ba. In cin ya wuce biyu, ka rage. In lemon kullum ne, daga nan za ka fara. Sannan ka je a auna maka jini da suga, ka san inda kake tsaye.