Yawon Babur A Kan Dutsen Gajimare

'Yan'uwana mata, yau hirarmu za ta kai mu nesa, can ƙasar Biyetnam ta gabashin duniya. A tsakiyar ƙasar akwai birane biyu, Hue da Da Nang, tsakaninsu kamar kilomita 100. Wani jerin duwatsu ya tokare tsakanin biranen, ya gangaro har ya tsoma ƙafa cikin teku. Hanyar da ta haye shi ana kiranta Hai Van, watau gajimaren teku, gama sau da yawa hazo yakan taso daga ruwa ya lulluɓe ta. Tsawonta kilomita 21, ƙolinta kuwa ya kusa mita 500.

Dā manyan motoci suna cunkushe a wannan hanya, haɗari kuma ba ya ƙarewa. A shekarar 2005 aka buɗe wata hanya da aka huda cikin dutsen, mai tsawon fiye da kilomita 6, sai yawancin motoci suka koma can. Ba a yarda babur ya bi ramin ba, saboda haka tsohuwar hanya ta zama ta masu babur da tankokin mai. Yanzu baƙi daga ƙasashe da yawa, maza da mata, sukan ɗauki jagora ya goya su su haye.

Ga yadda tafiyar take. Da sassafe jagora zai zo masaukinki a Hue, ya naɗe jakarki cikin leda, ya ɗaure ta a bayan babur. Ku fita ta cikin fadamun shinkafa, ki ga mata da malafa suna dashe, ɓauna kuma tana kwance cikin taɓo, don su can dabbar gida ce, da ita ake huɗa. Kafin azahar kun iso Lang Co, ƙauyen masunta, inda ake tsayawa a ci shinkafa da kifi. Daga nan sai hawa, kwana bayan kwana, dutse a hannun dama, teku can ƙasa a hagu. A ƙoli za ki tarar da wata ƙofar tubali wadda Sarki Minh Mang ya sa aka gina a 1826. Sa'an nan ku gangara Da Nang, inda masunta suke shiga teku cikin jirage zagayayyu na saƙar gora, sai ka ce kwando.

Ku 'yan makaranta, ga abin tarihi. Wannan ƙasa da kuka ratsa sadakin mace ɗaya ce. A 1306 sarkin mutanen Cham, Che Man, ya auri Huyen Tran, ƙanwar sarkin Biyetnam, ya ba da larduna biyu sadaki. Shekara na zagayowa ango ya rasu, amarya ta koma gida, lardunan kuwa suka zauna hannun danginta. Har yau akwai ɗakin tunawa da ita a Hue.

To, amma daɗin tafiyar nan duk yana rataye ga abu guda. Wadda aka goya ta danƙa ranta ne ga mai tuƙi. Don haka kada kunya ta hana ki dubawa kafin ki hau. Ki tambayi lasisinsa, ki dubi tayoyi, ki sa ya taka birki a gabanki. In ya ɓata rai don tambaya, nemi wani. In kuma gudunsa ya yi miki yawa, taɓa kafaɗarsa ki ce ya rage, ai kuɗinki kika biya.

Hular kwano tilas ce a Biyetnam tun watan Disamba na 2007 har yau, ga direba da wanda ya goya. Ki sa ta bisa ɗankwali, ki ɗaure maɗaurin a haɓa, gama hular da ba a ɗaure ba tana riga mai ita faɗuwa. Mayafi da bakin zane ki tattare su ki danne a cinya, domin in sarƙa ko ƙafar baya ta kama lelo, ƙiftawar ido ta fizgo mutum ƙasa. Ki sa wando a ciki da rufaffen takalmi, ki sauka ta hagu, don salansa tana dama, kuma tana ƙona ƙwauri. In an zo kwana, kada ki yi gardama da babur, inda ya karkata ki bi shi.

Sai kuma lokaci. Daga Satumba zuwa Disamba ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya a wannan yanki, hazo ya rufe hanya, ƙasa ta zabtaro. Jagoran kirki zai ce a dakata. Daga Maris zuwa Agusta ne sarari yake buɗewa.

Wata za ta ce, ni da ban taɓa ganin teku ba, ina ruwana? To, 'yar'uwa, sarƙar babur ɗin da yake kai ki asibiti ko makaranta ba ta san bambancin zanen Kano da na Hue ba. Gobe in za ki hau, tattara mayafinki, ki koya wa 'yarki ma. Allah Ya kai mu lafiya, Ya komo da mu lafiya, amin.