Koya wa Ƙananan Yara Ƙirge a Lokacin Zafi: Bayani ga Iyalai a Nima da Maamobi

Wannan bayani na iyalan da suka baro gidajensu suka sami masauki a Nima, Maamobi da sauran unguwannin Zango na Accra ne, musamman masu yara 'yan shekara uku zuwa biyar. Daga Fabrairu zuwa Afrilu zafi yakan tsananta a Accra, yara kan wuni a inuwa ko cikin ɗaki, iyaye kuma su rasa abin da za su ɗauke musu hankali da shi. Shawararmu ita ce a yi amfani da wannan zaman a koya musu ƙirge. Ba sai da littafi ko kuɗi ba. Minti goma a rana ya wadatar.

Me ya sa tun yanzu?

A Ghana, tun Dokar Ilimi ta 2008, shekara biyu na ajin yara da ake kira KG suna cikin ilimin farko na dole, kuma kyauta ne a makarantun gwamnati. Yaro yakan shiga KG1 yana ɗan shekara huɗu, ya shiga aji ɗaya na firamare yana ɗan shekara shida. Manhajar da aka soma aiki da ita a 2019 ta tanadi a koya wa 'yan KG lissafi ta hanyar wasa da abubuwan da suke iya taɓawa.

Yaran da hijira ta raba da gida sukan shiga aji a makare, su tarar da tsararrakinsu sun yi nisa. Yaron da ya isa aji ɗaya bai gane abin da "biyar" take nufi ba yakan sha wuya wajen tarawa da ɗebewa, daga nan ya soma ganin shi ba mai ƙwaƙwalwa ba ne. Wannan giɓi kuwa ana iya cike shi a tsakar gida kafin Satumba, lokacin da sabuwar shekarar karatu ke somawa.

Hadda daban, ƙirge daban

Yaro yana iya zubo "ɗaya, biyu, uku" har zuwa ashirin kamar waƙa, amma in an ajiye masa dabino huɗu a gabansa ya kasa faɗin nawa ne. Masana biyu 'yan Amurka, Rochel Gelman da C. R. Gallistel, sun bayyana ƙa'idojin ƙirge a littafin da suka fitar a 1978. Guda uku daga cikinsu su ne ginshiƙin aikinmu a gida:

Na farko, kowane abu lamba ɗaya yake samu. Yaro ya taɓa abu, ya faɗi lamba, ba tsallake, ba maimaitawa.

Na biyu, lambobi suna da jeri da ba ya canzawa. Kullum huɗu tana bin uku.

Na uku, lambar da aka faɗa a ƙarshe ita ce yawan abin duka. Wannan ce ta fi wuya.

Ga hanyar gane inda yaronku ya kai, irin wadda wata masaniya, Karen Wynn, ta yi amfani da ita a bincikenta na 1990. Ku tara marafan kwalba kamar goma, ku ce, "Ba ni ɗaya." In ya bayar daidai, ku mayar, ku ce, "Ba ni biyu," sannan uku, sannan huɗu. Inda ya soma damƙo su barkatai, nan ne iyakarsa a yau, kuma daga nan za ku soma. Yara kan fara gane ɗaya, bayan watanni su gane biyu, sannan uku. Wannan jinkiri na kowane yaro ne, a kowace ƙasa.

Wasanni biyar na lokacin zafi

1. Rabon ruwa da mangwaro. Da zafi ana yawan shan ruwa, to ku mai da rabon ya zama darasi. Ku ce wa yaro, "Mu nawa ne a nan? Kawo wa kowa ledar ruwa ɗaya." Ya ƙirga mutane, ya ƙirga leda, ya ga sun yi daidai. Haka za a yi da yankan kankana, mangwaro, ko ƙosan da aka sayo da kokon safe. In ya gama, kullum ku tambaye shi, "To, duka nawa ke nan?" In ya sake ƙirgawa daga farko, ku faɗa masa da kanku: "Ɗaya, biyu, uku. Uku ne duka."

2. Ramuka da 'ya'ya. Wasan oware da ake yi a Ghana yana da ramuka 12 da 'ya'ya 48, huɗu a kowane rami. Ƙaramin yaro bai kai ga dokokinsa ba, amma zuba 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya a rami shi ne ainihin ƙa'idar farko. Ku tona ƙananan ramuka biyar a ƙasa, ko ku samo tsohon kiret ɗin ƙwai. Rami na farko a sa murfi ɗaya, na biyu a sa biyu, har zuwa biyar. Sannan ku tambaye shi wane rami ya fi yawa.

3. Rubutu da ruwa. Ku ba yaro ruwa kaɗan a gwangwani, ya tsoma yatsa ya rubuta lamba a kan siminti. Zafi zai busar da ita nan da nan, ya sake wata. Ba asarar takarda, kuma kuskure ba ya zama a ƙasa yana ba shi kunya. Ku fara da 1, 2, 3, kuma a gefen kowace lamba a jera abubuwa daidai yawanta, don ya haɗa siffar da ma'anar.

4. Farautar lamba. Da sassafe ko bayan la'asar, in rana ta yi sanyi, ku zaɓi lamba ɗaya ta ranar, misali 3, ku fita nemanta tare: a lambar motar trotro, a bangon shago, a madannin waya, a jikin kuɗi. Kwabbai na sidi ɗaya da sidi biyu suna da amfani a nan. A kasuwar Nima, yaro ya ƙirga tumatir ko albasar da ke kashi ɗaya. In kun bi ta Kanda, ku nuna masa Babban Masallacin Ƙasa da aka buɗe a 2021, ya ƙirga hasumiyoyinsa huɗu.

5. Tafi da tsalle. Yaran Accra suna son wasan ampe, na tsalle da tafi. Ga ƙanana, ku sauƙaƙa: ku nuna yatsu uku, ya yi tsalle uku, ku yi tafi huɗu, ya faɗi nawa ya ji. Yayye suna iya jagorantar wannan yayin da uwa ke aiki.

Da wane harshe?

Da harshen da kuke magana a gida: Hausa, Fulatanci, Zabarmanci, Moore ko wani. A makaranta yaro zai ji Turanci, ya ji Ga ko Twi, waɗanda suka zo daga Nijar ko Burkina Faso kuma wataƙila sun saba jin Faransanci. Kada wannan ya tayar muku da hankali. Yaron da ya gane ma'anar "uku" da Hausa, sunanta kawai zai ƙara koya da Turanci. In ya ƙware zuwa biyar da harshen gida, sai ku riƙa haɗa masa da na Turanci.

Ku kula da abu ɗaya ga masu zuwa makarantar allo ko Islamiyya. Lambar biyar ta Larabci (٥) ta yi kama da sifili na boko, shida ta Larabci (٦) kuma ta yi kama da 7. In yaro ya rikita su, ku nuna masa cewa rubutu iri biyu ne, kowanne da wurinsa. Haka kuma juya lamba ta baya, ko rikita 6 da 9, abu ne da yara masu wannan shekaru suka saba yi, kuma yana wucewa.

Kiyaye lafiya

Kada a bar yaron da bai kai shekara uku ba da tsakuwa, wake, kwabbai ko ƙwallon dabino, don yana iya haɗiyewa ya shaƙe. A wanke marafan kwalba da sabulu, a bar na ƙarfe masu kaifi. A yi wasa a inuwa, a riƙa ba yara ruwa akai-akai. In damina ta kama a Mayu da Yuni, a nisanta su daga magudanan ruwa, musamman babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi.

Wasu yaranmu sun ga abin tsoro a hanya. Irin waɗannan sukan yi saurin firgita ko su kasa natsuwa. Tsawa da bulala suna ƙara toshe musu kai. In yaro ya yi kuskure, ku ce, "Zo mu sake tare," ku riƙe yatsarsa ku ƙirga. In ya gaji, a bari sai gobe. Yin wasan a lokaci ɗaya kowace rana yana kwantar wa yaro da hankali, don ya san abin da zai biyo baya.

Uwa ko kakar da ba ta yi boko ba kada ta ce wannan ya fi ƙarfinta. Wadda ke ƙirga canji a kasuwa tana jan carbi ta riga ta mallaki duk abin da ɗan shekara huɗu ke bukata.

Duk mai yaron da zai cika shekara huɗu bana, ya zo ofishinmu da takardar rajistarsa ta Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Ghana, mu duba tare yadda za a sa shi a KG mafi kusa. Wanda takardun yaronsa suka ɓata a hanya shi ma ya zo, kada ya zauna a gida. Allah ya raya mana su, ya sa musu albarka.