Santsin Hanya: Yadda Direba Zai Mallaki Mota In Bayanta Ya Zame

Ga hakimai da magatakardansu. Kowa ya san cewa da zarar ruwa ya sauka a ƙasar Zazzau tafiyar mota takan sake hali. Damina a nan takan fara wajen watan Mayu ta kai Oktoba, ruwan kuwa ya fi ƙarfi cikin Agusta. Hanyoyin ƙauyuka, irin waɗanda a ke bi zuwa gonaki da unguwanni a wajen Dutsen Abba, da yawansu na jar ƙasa ne da burji, wani wuri kuma laka ce ta fadama. Hakimi ba shi da ikon ya fasa rangadi don an yi ruwa, magatakarda kuma tilas ya kai takardu inda aka aike shi. Sabo da haka aka ga ya kamata a bayyana muku abin da ke sa bayan mota ya zame, da abin da direba zai yi a lokacin, da kuma yadda a ke koyonsa tun kafin ranar bukata.

Motocin da wannan magana ta shafa

Motoci iri-iri ne wajen yadda inji ke juya ƙafafu. Akwai wadda ƙafafun gaba ke ja, kamar Golf da yawancin Corolla na zamanin nan. Akwai wadda ƙafafun baya ke turawa, watau ƙarfin inji yakan bi ta farfela ya isa aksul na baya. Akwai kuma mai aiki da duka huɗun, kamar Land Rover.

Maganarmu a kan ta biyun ce. A cikin wannan jinsi akwai Peugeot 404 da 504 da 505, waɗanda dattawa suka sani sarai, balle da ya ke tun 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna. Akwai yawancin manyan Marsandi da BMW, da motocin ƙawa masu ƙarfin gudu irin su Ford Mustang da Porsche 911. Haka kuma a-kori-kura irin Hilux, muddin ba a sa mata giyar ƙafa huɗu ba, ƙafafun baya ne kaɗai ke turata. Wanda bai san jinsin motarsa ba, sai ya tambayi makaniki tun yau.

Dalilin zamewa

Duk girman mota, abin da ke taɓa ƙasa daga kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu ba. A kan waɗannan tafuka huɗu ran kowa da ke ciki ya dogara. Riƙon da taya ke yi wa ƙasa yana da iyaka, kuma ayyuka uku ne ke rabonsa: tura mota gaba, da tsai da ita, da riƙe ta kada ta fita gefe sa'ad da a ke shan kwana. Abin da aiki ɗaya ya ci, sauran sun rasa shi ke nan.

To, a motar da ƙafafun baya ke turawa, in direba ya taka totur da ƙarfi a tsakiyar kwana, tayoyin baya sai su ƙarar da riƙonsu wajen turawa, ba sauran abin da za su riƙe gefe da shi. Nan take bayan motar zai fara fita waje, goshinta ya karkata ciki, kamar tana so ta waiwayi inda ta fito. Gwargwadon ƙarfin inji, gwargwadon saurin aukuwar wannan, shi ya sa motocin ƙawa masu babban inji suka fi kowace mota saurin yaudarar baƙon direba.

Akwai hanya ta biyu da a ke faɗawa cikin wannan hali. In direba ya tsorata a cikin kwana ya ɗauke ƙafa daga totur farat ɗaya, ko ya danna birki, nauyin mota yakan runtuma gaba, baya ya yi sakayau, tayoyin baya su saki ƙasa. A-kori-kura wadda ba kaya a bayanta ta fi shiga wannan hatsari, gama dama can bayanta ba shi da nauyi.

Sai kuma a kiyaye da lissafin gudu. In aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da taya ke bukata don ta riƙe mota a kwana ɗaya yakan ninku sau huɗu. Kwanar da aka sha lafiya da gudun kilomita 30 a sa'a, in aka shige ta da 60 an ɗora wa taya aiki ninki huɗu, alhali kuwa ruwa ya riga ya rage mata riƙo. Motar da ke gudun kilomita 60 a sa'a tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, watau kafin direba ya gama mamaki ta riga ta yi nisa.

Wuraren da suka fi santsi

Na farko, kwalta a ruwan fari. Duk tsawon rani ƙura da mai da baƙin taya suna taruwa a kanta, ruwan farko kuwa yakan dama su su zama kamar sabulu. Na biyu, laka a inda hanya ta ratsa fadama ko ta gangara zuwa kwalbati. Na uku, sabon burji da aka zuba ba a daddaɓe ba, domin tsakuwa takan mirgina a ƙarƙashin taya. Na huɗu, gargada, inda taya ke tsalle-tsalle ba ta zauna a ƙasa sosai. Na biyar, inda hanyar ƙauye ta haɗu da babbar hanya, kamar ta Zariya zuwa Kaduna, gama tayoyin motoci da kofaton shanu sukan kwaso taɓo su shimfiɗa a kan kwalta, nan ne kuma direba ke ɗokin taka totur don ya shiga sahu.

Abin da direba zai yi

In bayan mota ya fara zamewa, abubuwa huɗu ne a jere, kuma duka cikin daƙiƙa biyu ko uku a ke yinsu.

1. Ya dubi inda ya ke so ya tafi. Hannu yakan bi ido. Wanda ya ƙura wa bishiya ido, bishiyar zai tarar. Sai ya ɗaga kai ya dubi tsakiyar hanya can gaba.

2. Ya juya sitiyari zuwa ɓangaren da bayan motar ya nufa. In yana shan kwana ta hagu, bayan zai fita dama, sai ya juya sitiyari dama. In kwanar ta dama ce, bayan zai fita hagu, sai ya juya hagu. Manufa ita ce tayoyin gaba su riƙa duban inda hanya ta miƙe. A yi shi da sauri, amma gwargwadon zamewar, kada a zarce. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 a ke tuƙi ta hannun dama a Nijeriya, sabo da haka a kwanar dama bayan mota yakan fita ne zuwa hanyar masu tahowa, wannan kuwa ita ce kwanar da ta fi bukatar a shige ta a hankali.

3. Ya sassauta totur sannu a hankali, kada ya cire ƙafa gaba ɗaya da gaggawa, kuma kada ya danna birki. In santsin ya yi yawa ƙwarai, motar kuwa mai kuloci ce, taka kuloci yakan raba inji da tayoyin baya, su sami damar sake kama ƙasa.

4. Ya mai da sitiyari daidai da zarar ya ji bayan ya daina fita. Nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Sa'ad da tayoyin baya suka sake kama ƙasa, in sitiyari yana nan a karkace, motar za ta fizge ta wulla bayanta ɗaya ɓangaren da ƙarfin da ya fi na farko. Wannan zamewa ta biyu ita ce ta fi jefa mota a rami.

In kuwa abin ya riga ya fi ƙarfinsa, mota ta juya sosai ba halin gyara, sai ya taka birki da kuloci tare iyakar ƙarfinsa, ya riƙe su har ta tsaya cik.

Akwai wata zamewar dabam wadda ya kamata a bambanta. Wani lokaci tayoyin gaba ne ke saki, a juya sitiyari amma mota ta miƙe sak. Maganin wannan shi ne a sassauta totur, a ɗan rage juyin sitiyari har tayoyin su kama. Ƙara murɗa sitiyari ba ya ƙara kome sai wahala.

Yadda a ke koyo

Karanta wannan bayani bai isa ba. A lokacin tsoro ƙafa takan tafi birki da kanta, sai wanda hannunsa da ƙafarsa suka saba ne zai iya hana ta. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

A nemi fili shimfiɗaɗɗe mai faɗi, ba rami, ba kututture, ba bishiya a kusa, da izinin mai shi, bayan an yi ruwa. A kori yara da dabbobi, a sa mutum ya yi tsaro. Mai koyo ya ɗaura bel, gwanin direba ya zauna a gefensa. A sa giya ta biyu, a riƙa zagaya da'ira da gudun da bai wuce kilomita 25 ko 30 ba, sa'an nan a ƙara totur kaɗan har a ji bayan ya motsa, a gyara kamar yadda aka bayyana. A yi ta hagu, a yi ta dama, a maimaita har jiki ya riƙa jin zamewar ta kujera tun kafin ido ya gani. Da ƙaramar mota mai zama ƙasa-ƙasa a ke wannan koyo. Doguwar mota kamar bas ko a-kori-kura mai lodi tana iya kifewa in tayarta ta nutse a ƙasa mai taushi.

Mutanen waɗansu ƙasashe sun ɗauki wannan al'amari da muhimmanci. A Suwidin, inda ƙanƙara ke rufe hanyoyi da hunturu, ba a ba mutum lasisin mota sai ya je filin santsi na musamman ya ji yadda mota ke ƙwacewa. A Afirka ta Gabas kuma akwai tseren Safari, wanda aka fara a 1953, a kan hanyoyin ƙasa masu taɓo irin namu. Peugeot 404 ta ci wannan tsere a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, 504 kuma ta ci a 1975 da 1978. Dukansu ƙafafun baya ne ke tura su, wannan ya nuna cewa irin motar ba ta da laifi in ta sami hannun da ya san ta.

Amma akwai gargaɗi. A ƙasar Nowe an lura cewa samarin da aka koya wa gyaran zamewa sukan ɗauka sun zama gwanaye, su ƙara gudu, hatsari ya ƙaru a maimakon ya ragu. Don haka a waɗannan ƙasashe aka karkata koyarwar zuwa nuna wa mai koyo yadda mota ke saurin kuɓucewa ko da a ƙaramin gudu. Wanda ya fito daga filin koyo bai ƙara jin tsoron santsi ba, bai koyi kome ba. Samarin da ke jujjuya motoci a wurin biki a tsakiyar jama'a kuwa ganganci su ke yi da rayukan mutane, ya kamata masu unguwanni su tsawata.

Na'urorin zamani

A 1978 aka fara sa wa Marsandi birkin da ba ya barin taya ta ƙame, wanda a ke kira ABS. Mai irin wannan mota, in yana so ya tsaya da gaggawa, sai ya danna birki ya riƙe, ko da ya ji yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarsa. A 1995 kuma aka fito da wata na'ura, ESP ko ESC, wadda ke gane zamewa ta kama taya ɗaya da birki don ta daidaita motar. Tun Nuwamba 2014 doka ta wajabta ta a kan kowace sabuwar ƙaramar mota a Tarayyar Turai. Tana da amfani ƙwarai, kada a kashe ta a kan hanya. In fitilarta ta kama a gaban direba ta ƙi mutuwa, a kai wa makaniki. Sai dai ita ma da riƙon taya ta ke aiki, ba ta iya ƙirƙiro shi inda babu.

Abin da ya rataya a wuyan shugabanni

Na ɗaya, a duba tayoyi kafin damina. Zurfin zanen taya kada ya gaza milimita 1.6, iskarta kuma ta zama daidai da abin da masu motar suka rubuta. In biyu kaɗai za a iya saya, a sa sababbin a baya, domin zamewar baya ta fi ta gaba wuyar gyara.

Na biyu, magatakarda ya tsara lokacin rangadi da rangwame in ana ruwa. Direba da yawa ya yi gudun da bai so ba sabo da maigida ya ce an makara, shi kuwa ba ya iya musa wa maigida. Sauri ya haifi nawa.

Na uku, a umarci direba ya rage gudu ya sauya giya tun kafin ya isa kwana, ya shige ta da totur a daidaice, sai ya ga hanya ta miƙe sa'an nan ya ƙara.

Na huɗu, kowa ya ɗaura bel, har mai zama a baya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da ma'aikata a Zariya, ana iya gayyatarsu su yi wa direbobin gunduma bayani.

Ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan takarda a gaban dagatai da direbobi da shugabannin tasha, a kuma maimaita ta in damina ta kusa. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya, amin.