Daga tebur zuwa allon kwamfuta: Abin da wasannin shiga rigar jarumi suka kama da abin da ya kuɓuce musu

A watan Disamba na 2023, a babban bikin karrama wasannin kwamfuta da ake yi a birnin Los Angeles na Amurka, wasan Baldur's Gate 3 ya lashe kambin gwarzon shekara. Kamfanin Larian na birnin Ghent a Beljiyam ne ya ƙera shi, bayan ɗaruruwan ma'aikatansa sun shafe kusan shekara shida suna aiki. Babban yabon da masu sharhi suka yi masa shi ne ya fi kowane wasa da ya gabace shi kusantar abin da ake ji idan an zauna a kan tebur da abokai, da takarda da fensir da ƙwayoyin wasa.

Yabon kansa abin lura ne. Masana'antar da ke juya biliyoyin daloli tana auna nasararta da wani wasa da mutum biyar za su iya yi a falo ko da an ɗauke wuta. Ga iyayen da ke sayen na'urorin wasa saboda 'ya'yansu, da ma'aikacin da ke neman abin da zai huce gajiyar mako da shi, yana da kyau a san abin da na'ura ta iya kwaikwaya da abin da ya gagare ta.

Yadda ake yin wasan tebur

A wasan tebur, kowane ɗan wasa yana shiga rigar jarumi guda: mayaƙi, ko ɓarawo mai wayo, ko mai magani, ko masanin sihiri. Ana rubuta ƙarfinsa da basirarsa da iya bakinsa da lambobi a takarda. Mutum ɗaya kuma ba ya riƙe jarumi, shi ne jagoran wasa. Shi ke bayyana garin da aka shiga, shi ke magana da bakin sarki da na mai gadi da na ɗan fashi, shi ke yanke hukunci idan an yi saɓani.

Idan ɗan wasa ya ce zai haura katanga, jagora yakan sa masa lambar da zai kai, a ce 15. Sai ya jefa ƙwaya irin ta ludo, amma mai fuska 20. In jaruminsa yana da ƙarin maki 3 na ƙwarewa, abin da yake buƙata 12 ne ko sama, wato fuska tara cikin ashirin, kashi 45 cikin ɗari ke nan. In ta yi, ya haura. In ba ta yi ba, jagora ne zai faɗi abin da ya biyo baya: ko ya faɗo ya gurɗe, ko karen gidan ya farka.

Wanda ya taso da tatsuniyar dare zai gane wannan yanayi da sauri. Mai ba da labari tana kallon fuskokin yara, tana tsawaita wurin da suka yi dariya, tana gaggauta wurin da suka fara gyangyaɗi. Bambancin shi ne a wasan tebur masu saurare su ne jaruman, kuma ko jagoran bai san yadda labarin zai ƙare ba.

Asalinsa daga barikin soja ne

Tushen wannan wasa yana ofishin hafsoshin soja. A 1824, wani hafsan daular Furushiya, a Jamus ta yau, mai suna Georg von Reisswitz ya gabatar wa manyansa wasan yaƙi a kan taswira, da dokoki masu yawa da ƙwayoyi da alƙali. Rundunar ta karɓe shi don horar da hafsoshi. Sai dai dokokin sun yi nauyi har lissafi ya riƙa cinye lokacin wasan. A 1876, Julius von Verdy du Vernois ya kawo wata hanya: a rage dokoki, a bar gogaggen alƙali ya yanke hukunci da saninsa na fagen fama. Tun daga nan aka samu ɓangare biyu, masu dogaro da doka da masu dogaro da hankalin alƙali. Atisayen kan tebur da hukumomin agajin gaggawa da na tsaro suke yi a yau jikan wancan wasa ne.

Kusan ƙarni guda bayan haka, masu sha'awar wasan yaƙi a Amurka suka gaji da juya runduna, suka fara ba kowane mutum jarumi guda. Dave Arneson na jihar Minnesota da Gary Gygax na garin Lake Geneva a jihar Wisconsin suka haɗa kai, suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974. Kamfanin TSR da ya wallafa shi ya koma hannun Wizards of the Coast a 1997, shi kuma Hasbro ya saye wannan a 1999.

Kwamfuta ba ta yi jinkiri ba. A 1975 an riga an fara rubuta irin wannan wasa a tsarin PLATO na Jami'ar Illinois, wanda aka gina don koyarwa, har masu kula da shi suna goge wasannin idan sun gano su. Ultima da Wizardry suka fito a 1981. Pool of Radiance na 1988 ya ɗora dokokin Dungeons & Dragons a kwamfutar gida da izinin masu shi. A 1998 kuma kamfanin BioWare, wanda wasu likitoci suka kafa a birnin Edmonton na Kanada, ya fitar da Baldur's Gate na farko.

Inda na'ura ta yi zarra

A fannin lissafi babu gardama. Faɗan da zai ci sa'a guda a kan tebur, ana duba littafi ana tara maki, na'ura tana gama shi cikin mintoci. Ba ta manta doka, ba ta son kai, ba ta fifita ɗan wasan da ya fi kowa ɗaga murya. Sabon shiga ba ya buƙatar karanta littafin dokoki mai shafi sama da 300 kafin ya fara.

Ta kuma warware matsalar da ta fi kashe wasan tebur, wato haɗa mutane. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin tara mutum biyar masu aiki da iyali a rana ɗaya, sa'a uku ko huɗu, mako bayan mako, ya san yadda ake ɗage zama har a bar shi. Kwamfuta kuwa tana nan da ƙarfe goma na dare, ba ta tafiya aiki wata jiha.

Sannan akwai gani da ji. Larian ya ce hotunan labari masu motsi da ke cikin Baldur's Gate 3 sun kai sa'a 174, kuma ƙarshen wasan yana da fuskoki kusan 17,000 idan aka ƙirga ƙananan bambance-bambance. Masu ƙera shi sun yi wata dabara: duk lokacin da ɗan wasa zai gwada sa'arsa, sai ƙwaya mai fuska 20 ta bayyana a tsakiyar allo, tana juyawa da ƙara. Na'urar ba ta buƙatar wannan, domin tana iya fitar da lamba cikin ƙiftawar ido. An saka shi ne don a dawo da faɗuwar gaban nan ta kan tebur.

Katangar da ba a gani

Duk da haka, kowace ƙofa da ɗan wasa ya buɗe a kwamfuta wani ne ya riga ya gina ta. In zaɓi huɗu aka rubuta, huɗu ne. A kan tebur ɗan wasa yana iya cewa ba zai yaƙi 'yan fashin ba, zai nemi auren ƙanwar shugabansu, ko ya buɗe shago a ƙauyensu. Jagora zai yi shiru na ɗan lokaci, ya yi murmushi, ya ƙirƙiro abin da zai biyo baya nan take. Wannan ɗan shirun shi ne abin da babu kamfanin da ya iya sayarwa.

Larian kansa ya amince da iyakar. A dokokin tebur, jarumi yana iya kaiwa mataki na 20, amma Baldur's Gate 3 ya tsaya a mataki na 12. Dalilin da masu ƙera shi suka bayar shi ne ƙarfin da jarumai ke samu a manyan matakai ya fi ƙarfin abin da za a iya tsarawa tun da wuri. A dokokin akwai wani sihiri na ƙololuwa da ke ba jarumi damar faɗin duk abin da yake so ya tabbata. Jagora na iya sauraron buƙatar, ya auna ta, ya ba da ita da sharaɗi. Na'ura kuwa sai an riga an lissafa mata dukkan burin da ɗan Adam zai iya yi, abin da ba mai yiwuwa ba ne.

Ma'aikacin gwamnati ya san wannan yanayi ta wata fuska. Fom ɗin intanet yana da sauri kuma ba ya karɓar na goro, amma ranar da lamarin mutum bai dace da ko ɗaya daga cikin gurabensa ba, sai ya koma neman jami'in da zai saurare shi. Muhawarar Reisswitz da Verdy ce ta dawo cikin sabuwar riga.

Faɗuwa da darajarta

Bambanci na biyu yana wajen faɗuwa. A kan tebur, ƙwaya in ta faɗi ta faɗi, bakin alƙalami ya bushe. Jarumin da aka yi wata shida ana reno yana iya mutuwa a dare ɗaya, kuma irin wannan dare ne abokai suke tunawa bayan shekaru. A kwamfuta, ɗan wasa yana ajiye matsayinsa kafin ya jefa ƙwaya. In ba ta yi masa daɗi ba, sai ya koma baya ya sake, har sai ta ba shi abin da yake so. Da haka kasada ta zama wasan haƙuri kawai.

Masu ƙira sun bi hanyoyi daban-daban don magance wannan. Larian ya saka wani tsari da ke hana ƙwaya yi wa mutum faɗuwa a jere, kwaikwayon jagora mai tausayi wanda yakan sassauta a ɓoye. Daga baya, a ƙarshen 2023, ya ƙara wani salo mai tsanani inda ma'ajiya ɗaya ce tak, babu komawa baya. Disco Elysium, wanda wasu 'yan Estoniya ƙarƙashin marubuci Robert Kurvitz suka fitar a 2019, ya ɗauki wata hanya. Duniyar wasan ta samo asali ne daga wasan tebur da su kansu suka daɗe suna yi, kuma sun rubuta faɗuwa da kyau har takan fi nasara ban dariya ko taɓa zuciya. Ɗan wasa yakan bar kuskurensa ya tsaya don ya ga inda zai kai shi. Wannan darasi ne da kowane gogaggen jagora ya sani.

Mutanen da ke kewaye da tebur

Abu na uku shi ne jama'a. Rabin daɗin wasan tebur ba ya cikin dokoki: gardama kan wace hanya za a bi, barkwancin da ya tsaya a bakin kowa, shayin da ake zagayawa da shi, mai kunya da ya wayi gari yana magana da muryar sarki. Abokan tafiya da kwamfuta ke bayarwa an rubuta su da gwaninta, kuma ƙwararrun 'yan wasan kwaikwayo ne suka ba su murya, amma ba sa mamakin abin da ka yi sai in an rubuta musu mamakin.

An yi ƙoƙarin mayar da mutum cikin na'ura. Neverwinter Nights na 2002 ya ba mutum ɗaya damar zama jagora yana sarrafa duniyar wasan yayin da sauran ke ciki. Divinity: Original Sin 2 na Larian ya yi irin haka a 2017. Sai dai shirya fage a kwamfuta yana cin sa'o'i, alhali a kan tebur jimla biyu sun isa a gina birni. Abin da ya fi karɓuwa shi ne dandali irin Roll20, wanda aka buɗe a 2012. Shi ba ya ba da labari, taswira da ƙwaya kawai yake samarwa, mutane su yi sauran ta murya. Lokacin kullen korona a 2020 jama'a da yawa sun koma can. Shirin Critical Role, inda wasu masu aron murya suke wasan tebur a gaban kyamara tun 2015, ya nuna cewa mutane suna iya zama sa'o'i suna kallon wasu suna hira da jefa ƙwaya. A 2019 masoyansa sun tara masa sama da dala miliyan 11 don a mayar da labarin zanen motsi.

Yanzu ido ya koma kan ƙirƙirarriyar basira. AI Dungeon, wanda ya fito a 2019, yana amsa duk abin da aka rubuta masa, don haka katangar zaɓi ta rushe. Amma sai wata matsala ta fito: yakan manta abin da ya faru a baya, kuma yana saurin amincewa da komai. Jagoran kirki ya san lokacin da zai ce a'a, ya kuma tuna alkawarin da jarumi ya ɗauka wata uku da suka wuce don ya zo karɓar bashinsa a lokacin da ya fi zafi.

Wanne za a zaɓa?

Kwamfuta ta kama dokoki gaba ɗaya, ta kama yanayi da kyau, ta kama wani yanki na 'yancin zaɓi gwargwadon kuɗi da shekarun da aka zuba. Hukuncin mutum mai sauraro da zumuncin zama tare su ne suka rage a kan tebur.

Ga mai son gwadawa, lissafin a fili yake. Baldur's Gate 3 ya fito a kan dala 60, yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi ko na'urar wasa ta zamani da wuta mai ɗorewa, kuma hukumomin tantancewa na Amurka da Turai sun sanya shi a rukunin manya saboda zubar da jini da tsiraici, abin da ya kamata iyaye su sani kafin su saya. Wasan tebur kuwa, ainihin dokokin Dungeons & Dragons suna nan kyauta a intanet, kuma iyali na iya sauya duniyar labarin zuwa wadda ta dace da tarbiyyarsu, ko ayarin fatake ne a hanyar Agadas ko fadar wani sarki da suka ƙirƙira. Abin da ake buƙata takarda ne da fensir da ƙwaya, sai mutum ɗaya da ya yarda ya zauna a kan kujerar jagora ya saurari sauran.