Man Korar Sauro: Mu Shafa da Lura

Da damina kududdufan birnin Zariya, har na wajen Ƙofar Galadima, sukan cika, sauro ya yawaita, zazzaɓi ya biyo baya. Shi ya sa muke shafa man korar sauro. Da yawansa yana ɗauke da sinadarin DEET, wanda jama'a suka soma amfani da shi a Amurka a 1957. Ba ya kashe sauro, korarsa yake yi.

Mu shafa kaɗan inda tufa ba ta rufe ba, ban da ido, baki, rauni da tafin hannun yara. Ba a shafa wa jaririn da bai kai wata 2 ba. Kafin barci mu wanke da sabulu, mu shiga gidan sauro. Fiya-fiya kuwa guba ce, kada ta taɓa fata.