Humra sai ta kwana

Duk wanda ya taɓa shiga gidan biki a Injamena ya san ƙamshin da ke tarbar mutum tun daga ƙofar gida. Humra ce, turaren da matan Chadi da Sudan da Barno suka yi suna a kansa, har ta kai a Kano mai sayarwa kan ce "'yar Chadi ce" don ta ƙara mata kuɗi. Masu saye kan tambayi kayan da aka zuba a ciki, amma ba kasafai suke tambayar wata nawa ta yi a rufe ba, alhali nan ne darajarta take.

Sunan ma ya nuna haka. Kalmar daga Larabci take, tushenta ɗaya da "hamru", wato giya, da "hamira", yis ɗin da ke kumbura ƙullu: abin da aka rufe aka bari ya nuna. Faransawa kan ajiye ruwan inabinsu shekara da shekaru a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, su rubuta shekarar a jikin kwalba, sai ranar babbar hidima su buɗe. Mu da ba ma kusantar wannan, muna da namu kwalaben da ake jira, hanci ne kuma alƙalinsu.

Na ga haka kwanan nan a unguwar Amrigebe, cikin gunduma ta 5, wurin walimar sallamar wata ƙawata da za ta bi maigidanta Kano. Bayan an ci kisira da miya, an sha jan shayi da zoɓo, wanda a nan muke kira karkanji, sai ta shiga ɗaka ta fito da kwalabe uku a naɗe cikin tsohon zane. Ta ce ba za ta haye gadar Ngeli zuwa Kuseri da su duka ba, gara a buɗe kowa ya shaida.

Ta farko wata uku da haɗawa. Ƙamshinta na da ƙarfi, yana dukan hanci, kana iya rarrabe kanumfari daban, miski daban. Ta biyu shekara biyu. Ta yi duhu, kaifin ya kwanta, sandal ya fito fili. Ta uku ita ce ta aurenta, mahaifiyarta, Allah Ya jiƙanta, ta haɗa shekara tara da suka wuce. Ta yi kauri kamar zuma, ɗigo ɗaya aka riƙa ɗora mana a bayan hannu. Ba ka iya cewa ga wannan ga wancan, komai ya zama abu guda. Washegari da na ɗauki gyalena, ƙamshin na nan.

Wata dattijuwa da ke gefena ta shinshina ta yi shiru, sannan ta ce, "'Yata, wannan farcen da hannu aka wanke shi, kuma ba a yi gaggawar suyarsa ba." Na ce, "Iya, daga ɗigo ɗaya kika gane?" Ta ce, "Mai haƙuri ai shi ke dafa dutse."

Farcen da take nufi murfin bakin wani dodon-koɗi ne na teku, ana kawo shi daga yankin Bahar Maliya. Ɗanyensa ƙarni gare shi. Sai an jiƙa, an kankare ragowar naman, an soya har ya yi ja, an daka. Shi ke kama ƙamshi ya riƙe shi a jiki da tufafi. Ana haɗa shi da garin sandal, mahalab, kanumfari da miski, a kwaɓa, wasu su turara kwaɓin da hayaƙin itacen ƙamshi, sannan a zuba madarar turare da turarukan ruwa, a toshe kwalba a kai ta wuri mai duhu.

Cikin turarukan da iyayenmu suka saba zubawa akwai Rêve d'Or na kamfanin L.T. Piver na Faransa, wanda ya fito tun 1889, da Bint el Sudan, wanda kamfanin W.J. Bush na Ingila ya ƙirƙiro wajen 1920, ake kuma yin sa a Kano. Shi Bint el Sudan na mai ne, babu sinadarin barasa a cikinsa, abin da ya sa ya samu karɓuwa a gidajen Musulmi.

Yanzu abu biyu ke yi wa wannan sana'a barazana. Na farko tsadar kaya. Itacen sandal na Indiya yakan shekara goma sha biyar ko fiye kafin zuciyarsa ta yi ƙamshi, kuma an sare shi har ya yi ƙaranci, shi ya sa a yau ake noma shi a gonaki a Ostireliya. Don haka garin da ake auna maka da sunan sandal, sau da yawa wani itace ne aka shafa wa turare. Irin wannan, ko shekara goma ya yi a kwalba, ba abin da zai ƙaru da shi.

Na biyu gaggawa. Mai saye a WhatsApp tana son kayanta jibi, mai haɗawa kuma jarinta ba zai jure kwanciyar wata shida ba. Sai a haɗa yau, a zuba a kwalba mai ado, gobe a ɗora a mota. Ba na ganin laifin mai neman abinci, amma yarinyar da ta tashi da irin wannan za ta ɗauka ita ce humra, ranar da aka miƙo mata ta gaske ma ta ce ba ta da ƙarfi.

Mu Hausawan Chadi tsiraru ne, kuma wannan ilimi mun same shi ne ta zaman tare da maƙwabtanmu Larabawa Shuwa da Barebari. Ba a littafi yake ba, yana kan tsofaffi ne, kowace da awonta. Idan ɗaya ta rasu ko ta ƙaura, awon ya tafi da ita.

Saboda haka, 'yar'uwa, in kina da tsohuwa a gida da ta iya, zauna kusa da ita ranar da take haɗi, ki rubuta awon. Ki sayi sandal ɗinki guntu-guntu ki daka da kanki. Ki zuba a kwalbar gilashi mai murfi sosai, ki nisanta ta da rana, musamman a zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a garin nan. Ki manna takarda ki rubuta wata da shekara. In kina da 'ya mace, kada ki jira sai an sa rana. Ki haɗa tata tun yanzu ki ajiye.